Maganar hoton Yesu na kalanda

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa, ya Legas ya iyali? Mu nan ƙasar Sumaila lafiya lau, an gama yankan dawa saura sussuka, sanyi kuma ya fara leƙowa.

Maganar da ka turo cewa yaronka ya tsare ka da tambaya wai Yesu bature ne, toh gaskiya yaron nan yana da kai. Kasan majami'armu ta ECWA bango fayau yake sai gicciye, dattawa da ka taɓo zancen hoto sai su buɗe maka Littafin Fitowa sura 20, inda aka hana yin gumaka. Amma shiga ɗakin matan nasu kaga kalanda, mutum fari tas gashi har kafaɗa. Wadda ta fi yaɗuwa cikin irin fuskokin nan wani mai zane ne a Amurka yayi ta a 1940 aka yi ta bugawa, alhali Matiyu, Markus, Luka da Yohanna babu wanda ya faɗi tsawonsa ko launin fatarsa.

Kuma rigimar ba yau ta fara ba fa. Wajen 726 sarkin Rumawa Leo na uku, can birnin da yanzu ake cewa Istanbul, ya tashi haiƙan kan hotunan coci, aka yi ta farfasawa. Wanda ya fi kare su wani malami ne Yohanna mutumin Dimashƙa, kuma abin mamaki a ƙasar musulmi yake zaune ƙarƙashin Umayyawa, hannun sarkin bai kai gare shi ba. Hujjarsa ita ce da can Allah ba a ganinsa don haka ba a zana shi, amma tunda Kalma, wato Yesu, ya zama mutum, aka haife shi, ya ci ya sha ya gaji har ya yi barci cikin jirgi, toh wanda ido ya gani hannu zai iya zanawa. A 787 taron shugabannin coci a garin Nikiya ya yarda da haka, da sharaɗin girmamawa daban sujada daban, sujada ta Allah ce kaɗai.

Kowa kuma da kamannin mutanensa yake zanawa. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma saurayi ne ba gemu, da tunkiya a kafaɗa. Habashawa nasu wankan tarwaɗa ne mai manyan idanu. A Oye-Ekiti fada-fada na Katolika sun tara masassaƙan Yarabawa tun 1947, Lamidi Fakeye da ya yi suna a irin aikin ma musulmi ne. Na mutanen Mafa a arewacin Kamaru ya fi burge ni, baƙi ne yana zaune tsakanin bukkoki kamar garinmu.

Ni dai har yanzu bana son hoto a gaban majami'a, tsofaffinmu ba su daɗe da barin tsafi ba. Amma yaro ka faɗa masa Bayahude ne ɗan Nazarat, kafinta, mai yawo a rana.

In mota ta samu zan aiko maka da gero da daddawa, ka turo lambar direban da kace. A gaida madam.

Naka,
abokinka na gida