Wasiƙar Godiya ga Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano kan Aikin Rigakafin Yara

Zuwa ga Shugaban Hukuma da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe, mu wasu ne daga cikin 'yan kwamitocin ci gaban mazaɓu da tsofaffin ma'aikatan lafiya. Mun rubuto ne mu yi godiya a bainar jama'a kan wani sashe na aikinku da ba kasafai ake ambatonsa a rediyo ba, wato adana allurar rigakafi cikin sanyi tun daga ma'ajiyar jiha har zuwa cinyar jariri. Uwa tana ganin ma'aikaciya da sirinji, ta karɓi kati ta koma gida. Ba ta ganin mutanen da suka tsaya tsayin daka domin maganin da ke cikin sirinjin ya iso da ƙarfinsa. Yabon gwani ya zama dole, kuma su muke nufi.

Jiha ce mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. A cikin wannan zafin ake so maganin rigakafi ya zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8, dare da rana, ba hutu. Tun da aka fara aiki da yarjejeniyar rigakafi tsakanin gwamnatin jiha da Gidauniyar Dangote da Gidauniyar Bill da Melinda Gates a 2013, aka koma kai magani kai tsaye zuwa asibitocin da ke da firji, maimakon kowane ma'aikaci ya hau babur ya je sakatariyar ƙaramar hukuma neman nasa. Wannan sauyi ya rage yawan hannun da kwalba ke bi, ya kuma rage ranakun da uwa za ta zo a ce mata magani ya ƙare. Mun gode da kuka riƙe tsarin.

Godiyarmu ta farko ga jami'an sanyi ce, wato masu kula da firjin magani. Aikinsu ya ƙunshi duba ma'aunin firji sau biyu kullum, safe da yamma, har Asabar da Lahadi da ranar Sallah, su rubuta a takardar da ke maƙale a jikinsa. Kowace kwalba kuma tana ɗauke da alama a jiki ko a murfi: ɗan murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu. Zafi yana sa murabba'in ya riƙa duhu sannu a hankali. Ranar da launinsa ya yi daidai da na da'irar, ko ya fi ta duhu, kwalbar ta tashi aiki ko da ranar lalacewar da aka rubuta ba ta zo ba. Jami'in da ya san aikinsa yakan fara amfani da kwalbar da alamarta ta soma sauyawa, ya bar mai haske a baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanyi ma yana kashe magani. Penta mai tare cuta biyar da allurar ciwon hanta da PCV ta limoniya da allurar sarƙe-haƙora ta masu juna biyu, duk idan suka daskare sun lalace, kuma narkewa ba ta dawo da su. Alamar jikin kwalba ba ta nuna wannan ɓarna, zafi kaɗai take gani. Shi ya sa ba a fitar da ledojin ƙanƙara daga firiza a cusa su cikin akwatin ɗaukar magani nan take. Sai an shimfiɗa su a tebur har gumi ya keto musu, a girgiza a ji ruwa yana motsi a ciki, sannan a jera guda huɗu a gefunan akwatin, a sa kwalabe a tsakiya, a rufe da soso. Mai gaggawar da ya tsallake wannan mataki zai isa ƙauye da akwati mai sanyi ƙalau, ya yi wa yara allurar da ba ta da bambanci da ruwa, kuma babu wanda zai gane sai cuta ta zo. Idan ana zargin Penta ta daskare, akwai gwajin girgizawa: a ɗauki wata kwalba wadda rukuninsu ɗaya da wadda ake zargi a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su kusa da juna. Idan wadda ake zargi ta kwanta ƙasa da sauri kamar ta gwajin, a ware ta. Muna yaba muku da kuka sa waɗannan abubuwa cikin horon ma'aikata, domin a nan ne ake asarar da ido ba ya gani.

Firjin sola kuwa ya ɗauke wa asibitocin karkara dogaro da wutar NEPA da man janareto. Irin wanda ba ya amfani da batir yana tara sanyi da rana ya riƙe shi har wayewar gari. Amma ƙurar hunturu tana lulluɓe faifan sola ta rage masa ƙarfi, don haka yana son a goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ba a sa ruwan sha ko abinci a ciki, ba a kuma yawan buɗe shi.

Godiya ta biyu ga masu yin allurar, maza da mata, waɗanda ke zaune a asibiti da masu fita ƙauyuka da rugage. Jadawalin da suke bi ya kamata kowane magidanci ya haddace shi. Da haihuwa, BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, wadda aka fi so a yi cikin awa 24 na farko. A mako 6 da mako 10 da mako 14, Penta da PCV da ɗigon shan inna da na gudawa, tare da allurar shan inna a mako 6 da mako 14. Penta ɗin nan cuta biyar take tarewa, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora. A wata 6 a ɗiga wa yaro bitamin A. A wata 9 ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai ƙyanda ta biyu a wata 15. Tun Oktoban 2023 aka ƙara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata, kuma Kano tana cikin jihohin da aka fara da su. Dukkansu kyauta ne.

Akwai bayanin da ma'aikaciya kan yi a minti ɗaya wanda shi ke sa uwa ta dawo ko ta ɗauke ƙafa. Penta takan kawo zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a gaya wa uwa tun a wurin ba, maigida zai kwana yana jin kukan jariri, da safe ya ce ba za a koma ba. Wurin BCG yakan yi ƙurji bayan 'yan makonni, ya fashe, ya bar tabo; haka ake so, kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Mura ko ɗan zazzaɓi ba sa hana allura. Yaron da ya tsallake wata biyu ko uku ba a sake masa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda ya tsaya, muddin an bar mako huɗu tsakanin allura da allura. Ma'aikatan da ke haƙurin maimaita wannan bayani ga mace bayan mace, ga layi har bakin ƙofa, Allah Ya saka musu da alheri.

Kanawa sun san abin da tsayawar rigakafi ke jawowa. An dakatar da ɗigon shan inna a jihar a 2003, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, cutar kuma ta bazu har ƙasashen waje. Da aiki ya kankama, tare da hannun masarauta daga hakimai zuwa dagatai da masu unguwanni, yaro na ƙarshe da shan inna na daji, wato nau'in cutar na asali, ya kama a Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yankin Afirka ya rabu da shi. Sai ga mashaƙo daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba. Ma'aikatanku ne suka bi unguwa-unguwa a wannan annobar, kuma ba mu manta ba.

Tare da godiyar muna da roƙo. Maganin BCG da na ƙyanda da na shawara gari ne da ake damawa da ruwansu na musamman, kuma da zarar an dama, awa shida ne iyaka, ko ƙarshen zaman ranar, sai a zubar da ragowar. Kwalbar BCG ta yara 20 ce. Saboda tsoron a tuhume shi da ɓarna, ma'aikaci kan ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru, ita kuwa ta taho ne daga nesa, wataƙila ba za ta sake samun izini ko kuɗin mota ba. Muna roƙon ku ci gaba da jaddada wa ma'aikata a rubuce cewa buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ba laifi ba ne. A kuma riƙa sakin kuɗin fita ƙauyuka kan lokaci, a tanadi masu gyaran firji a kowace shiyya da kayan gyara a hannu, a wadata asibitoci da katin yara da kwalin zuba sirinji, wanda ake rufewa idan ya kai kashi uku cikin huɗu a kai shi ƙonawa.

Mu kuma namu ɓangaren mun ɗauka. A ba kwamitin kowace mazaɓa sunayen yaran da suka tsallake ranarsu daga rajistar asibiti duk ƙarshen wata, mu da masu unguwanni da ungozomomi za mu bi gidajen, mu yi magana da iyaye maza, tunda izinin fita a hannunsu yake.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya raya mana yaranmu.

Wassalam,
Naku,
Wasu daga cikin 'yan kwamitocin ci gaban mazaɓu da tsofaffin ma'aikatan lafiya na Jihar Kano