Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Farautar Kifi da Mashi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Rahoton nan ya makara, na sani, kuma kafin wani ya tambaya a zauren WhatsApp bari in faɗi dalili. Tun da ma'ajinmu ya yi ƙaura saboda aiki, babu wanda ya yarda ya karɓi littafin rasit, sai ya faɗo hannuna a kan aikin sakatare da kuka zaɓe ni in yi. Lokacin da ya kamata in zauna in yi rubutu, shi na ƙarar wajen bin mutane kuɗin wata.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da biyu da ba mu cika ba muka watse.

Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Na san bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk wanda ya same ni a keɓe ya ce abubuwa sun yi masa nauyi ban sake kiransa ba. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan masu “zan turo da yamma”, yammar da har yau ba ta yi ba, da masu karanta saƙo su yi gum, sannan in an sanar da ranar fita su ne farkon neman gurbi a jirgi. Wasu kuma hujjarsu ita ce ba su fita ko sau ɗaya ba a shekarar, don haka babu abin da ƙungiya ke bin su. Kuɗin wata ba kuɗin jirgi ba ne. Man fita a ranar ake raba shi tsakanin waɗanda suka je. Kuɗin wata na kayan da ke zaune cikin akwati ne suna jiran ranar da ba ma fata.

Wannan ya kawo ni ga abubuwan da muka yi alkawari a babban taron bara ba mu cika ba. Tukunyar iskar oksijin ba a saya ba. Rediyon oba-oba na jirgi ba a saya ba, har yanzu da wayar hannu muke dogara, ga shi da an yi nisa da gaɓa sabis ke ɗaukewa. Ɗan littafin ƙa'idojin fita yana nan a kwamfutata, an rubuta, ba a buga ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Abin da ya faru shi ne injin jirgi ya tsaya mana ana tsakiyar lokacin fita, kuma gyaransa ya lashe kusan duk abin da ke asusu. Da mun bar shi, da babu fita ko ɗaya bayan nan. Rasit ɗin gyaran yana wurina, duk mai so ya zo ya gani. Abin da ya rage muka sayi maɗaurin tsayar da jini guda biyu da bandeji, muka sauya igiyoyin gora, wato abin da ke yawo a saman ruwa da muke ɗaure mashi da kifi a jikinsa, waɗanda rana ta cinye.

Sai batun na'urar korar kifin shak, wanda ya ci mana taro guda cur. Ni ne na ce a dakata, kuma ban janye ba. A 2018 masana a Jami'ar Flinders ta Ostireliya sun gwada irin waɗannan kayayyaki guda 5 a kan babban farin shak. Wadda ta fi aiki ita ce mai fitar da lantarki, ta rage ɗaukar abincin da aka rataya daga kashi 96 cikin 100 zuwa kashi 40. Ragi ne mai yawa, amma kashi 40 ba sifili ba ne, sauran kuma, irin masu maganaɗisu, ba su nuna wani abin kirki ba. Ban ce na'urar banza ce ba. Na ce ƙungiyar da ba ta da oksijin a jirgi ba da ita za ta fara ba.

Horon ceto mun yi shi sau biyu a wurin iyo, kuma abin kunya ne yawan waɗanda suka zo. Abin da ke ba ni mamaki, masu cika mu da hotunan shak a zaure su ne ba su leƙo ba, alhali abin da ya fi zama haɗari ga mai nutso da numfashi guda shi ne suma. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama, huhu ya tsuke zuwa rabi, kuma wannan matsin ne ke sa jiki ya ga kamar oksijin ɗin da ya rage ya isa. Idan mutum ya taso, matsin ya saki, sai hasken ya ɗauke masa a 'yan mitocin ƙarshe, ko ma bayan ya fito da kai. Ba kururuwa, ba ɗaga hannu. Masu yin haki da sauri kafin nutso don su daɗe a ƙasa, ku daina: hakan ba ya ƙara oksijin na a zo a gani, iskar da ke sa mutum jin buƙatar numfashi yake korewa, wato kashe ƙararrawa ne kawai. Shi ya sa dokarmu ba ta sauya ba. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallonsa, kuma in ya fito a zuba masa ido aƙalla daƙiƙa 30 kafin a kau da kai. Wanda bai taɓa gwada juyo da sumamme a ruwa, ya cire masa gilashin fuska, ya riƙe bakinsa da hancinsa sama da ruwa ba, kada ya ɗauka zai iya ranar da abin ya zo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faranta mini rai a shekarar, wato fitarmu zuwa bakin gangare, inda duwatsun ƙarƙashin teku ke ƙarewa ƙasa ta faɗa zurfi lokaci guda. Waɗanda suka je ba sa buƙatar a tuna musu, amma zan ba da labarin don waɗanda suka ce barci ya kwashe su.

Mun isa ruwa na cikowa, garau, kana sama kana ganin dutse a ƙasa. Irin wurin nan ne manyan kifayen tsakiyar teku ke ratsowa, domin in jan ruwa ya bugi gangaren sai ya tara ƙananan kifaye, manya kuma su biyo su. Ba mu jefa anga ba. Direba ya ɗaga tutar nutso, ya bar inji a kunne yana bin mu a hankali yadda ruwa ke tafiya da mu. Muka saukar da igiyar ƙyalli mai jawo hankalin kifi, muka rabu biyu-biyu, kowa da gorarsa. Sa'a guda ta wuce ba mu ga komai ba sai barakuda da ke tsaye suna harararmu, kuma babu wanda ya taɓa su, tunda mun yi yarjejeniya a kan manyansu saboda gubar siguwatera, wadda dahuwa ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka.

Sai ga wahu, ɗaya daga cikin manyan kifayen nan. Su uku, suna tafe a jere kamar ba su damu da mu ba. Wanda ke kan layin nutso shi ne ƙaraminmu, wanda ya shigo ƙungiya a farkon shekarar, kuma shi kaɗai ne cikin sababbi bai tsallake horo ko ɗaya ba. Ina sama ina kallonsa gabana na faɗuwa, domin na san abin da sabon hannu ke yi: ya fafari kifi da ƙarfi, kifi ya ɓace. Yaron nan bai yi haka ba. Ya sulale ƙasa shiru, ya kau da fuska kamar wani abu daban yake nema, ya tsaya. Kifin ƙarshen ya juyo don ya ga wane ne wannan, ya ba shi gefe. Sai da ya matso sosai sannan ya saki mashi, ya same shi daidai bayan kai.

Duk wanda ya san wahu ya san abin da ke biyo baya. Kifi ne mai gudun tsiya, namansa kuma taushi gare shi, in aka ja da ƙarfi mashi ya yage ya fita. Da a jikin bindigar harba mashi igiyar take, da ko dai bindigar ta tafi ko mai ita ya bi ta. Amma mashin a igiyar gora yake ɗaure, kan mashin ya saki ya gitta a ɗaya gefen, robar igiya ta miƙe tana shanye fizgar. Gora ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa. Igiyar nan sabuwa ce, cikin waɗanda muka saya da ɗan abin da ya rage a asusu. Na faɗi wannan da gangan.

Muna cikin jan kifi shak ya iso, irin wanda ake kira bijimi, gajere mai kauri. Ba abin mamaki ba ne. Kifin da aka soka yana fizge-fizge, kuma wannan girgizar shak na jin ta daga nesa tun kafin jini ya kai gare shi. In ya matso kuma, akwai 'yan ramuka a hancinsa da ke jin lantarkin jikin abu mai rai, waɗanda aka sa wa sunan Lorenzini, ɗan Italiyan da ya bayyana su a 1678. Ya zagaya mu sau ɗaya daga ƙasa. A nan ne na ga amfanin duk surutun da muke yi a taro. Babu wanda ya juya baya, babu wanda ya kama bugun ruwa zuwa jirgi. Muka haɗu wuri guda muna fuskantarsa. Dattijonmu ya nutsa ya nufe shi kai tsaye, bindiga a miƙe, da ya matso ya zungure shi a hanci ba tare da ya harba ba. Shak ya kauce. Kafin ya dawo direba ya kawo jirgi, an soke wa kifin wuƙa a ƙwaƙwalwa ya daina motsi, mutum biyu suka ɗaga shi ciki. A cikin jirgi aka zubar masa da jini, a roba, ba a teku ba.

Kifi na biyu da aka soka bayan nan bai iso hannu ba. Shak ya dawo da ƙarfinsa, wannan karon yana fizgar jiki, fikafikan gefensa a sunkuye, ya datse kifin gida biyu. Mai kifin ya saki igiya ya ja baya, muka bar masa. Shi kaɗai ne mai karɓar haraji da na taɓa gani ba ya kiran kowa a waya. Nan take shugaba ya ce kowa ya hau, muka bar wurin. Wani ya yi ta gunaguni wai an tashi ana tsakiyar samu. Yana nan lafiya da ƙafafunsa biyu, sai ya ci gaba da gunagunin.

Mun dawo da kifi ɗaya tak, kuma ban taɓa yin fitar da ta fi ta daɗi ba. Ina miƙa godiya ga direba, wanda bai ɗauke ido daga kanmu ba tun safe, da dattijonmu, da ƙaramin nan da ya sa muka ji horon bai tafi a banza ba.

Sai dai dole in faɗi wani abu mara daɗi. A wata fitar daban an ga ɗaya daga cikinmu ya rataya kifi a ɗamararsa yana iyo da shi. Ba zan kira suna ba, ya san kansa. Kifi a gora yake zama, nesa da jiki, ko a jirgi. Na ji wasu na kafa hujja da cewa cizon shak ba shi da yawa, kuma gaskiya ne: kundin cizon shak da ke Jami'ar Florida, wanda aka fara tun 1958, ya ƙirga cizo 69 a duniya a 2023, mutum 10 suka mutu, a 2024 kuma cizo 47, mutum 4. Amma waɗannan alƙaluman na waɗanda ba su tsokani shak ba ne. Cizon mai farauta da mashi a wani layi daban ake rubuta shi, na waɗanda suka jawo. Mu da ke shiga ruwa da kifi mai jini a hannu ba mu cikin lissafin masu wanka a bakin teku. Kuma in cizon ya faru, zubar jini ke kashe mutum kafin a kai gaɓa. Ku san inda maɗaurin nan yake a akwati. Ana ɗaura shi sama da raunin, a matse har jini ya tsaya, a rubuta lokaci.

Shawarar da aka kawo ta a riƙa harbin shak in ya dame mu, kwamiti ya ƙi ta. Shak ɗin da aka soka ya fi haɗari, ga asarar mashi da igiya. Ban da haka, tun taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Fanama a 2022, dangin da bijimin nan ke ciki suna ƙarƙashin sa ido a cinikin ƙasa da ƙasa saboda raguwarsu, kuma ba ma son sunan ƙungiya ya fito a irin wannan magana.

A shekara mai kamawa abu na farko shi ne oksijin, na biyu rediyo, kuma kwamiti ya amince ba za a ba kowa gurbi a jirgi ba sai ya biya bashinsa kuma ya halarci horon ceto ko sau ɗaya. Za a fara aiki da wannan daga fita ta farko, kada wani ya zo bakin ruwa da asuba ya ce bai ji ba. A babban taro za a zaɓi ma'aji. Zan zo da littafin rasit, kuma ba zan koma da shi gida ba.

Wanda ya ari babbar gorar ƙungiya da igiyarta tun kafin a gyara inji, don Allah ya taho da su ranar taron.

Sakatare