Ba turbo ne da laifi ba, riƙon da ake yi masa ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan injin gas (dizal) mai turbo, irin na Hilux da Hiace da Land Cruiser, saboda zancen da ya zama ruwan dare a gareji wai turbo ba ya jure ƙasarmu. Yana jurewa sarai, idan an san abin da yake bukata.

Injin gas ba ya aiki da tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ta fesa shi. Ke nan yawan iskar da ta shiga shi ke ƙayyade ƙarfin inji. Turbo kuwa fanka biyu ne a jikin sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita yana juya ɗaya, ɗayar tana ɗura wa inji iska. Tun 1905 Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi rajistar dabarar, amma sai 1978 ta shiga ƙaramar motar gas da ake sayarwa a kasuwa, wato Mercedes 300SD.

Sandar nan tana iya zarce juyi 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta kuma yakan kai zafin digiri 700 idan mota ta ɗau kaya. Ba abin da ke tsakaninta da ƙarfen da take juyawa a ciki sai siririn baƙin mai. Direba ya taso daga Abuja a guje, ya iso Kaduna, ya kashe inji nan take: famfon mai ya tsaya, turbo na nan da zafinsa, man da ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi, a hankali ya toshe bututun da ke kawo masa mai. Maganin bai wuce barin inji a sulo na minti biyu kafin a kashe ba. Mafi muni ita ce al'adar taka totur sau biyu sannan a murɗe makulli, domin an bar fanka tana gudu ba mai. Da safe ma a ba shi kamar minti ɗaya kafin a taka.

A hanyoyinmu masu ƙura, juyen mai kada ya wuce kilomita 5,000, kuma tare da filta. Wanda zai sa sabon turbo ya canza bututun man ko ya wanke shi tas, ya zuba ɗan mai a bakin shigarsa kafin a tayar. In ba haka ba, abin da ya kashe tsohon shi zai kashe sabon.

Lokacin hunturu filtar iska ce abin lura. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta cinye bakin fanka. Baƙin hayaƙi tare da fito da rashin ja sau da yawa tiyon intakula (abin da ke sanyaya iskar da turbo ke ɗura wa inji) ne ya tsage, amma sai a tafi kwance nozul a banza. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. A cire tiyon gaban turbo a taɓa sandar: ɗan motsi gefe da gefe ba komai, amma idan tana gaba da baya ko fanka na gogar gidanta, aiki ya taso.

Sababbin injuna suna fesa mai da matsin da ya kai bar 1,600 (ma'aunin matsi) ko fiye, don haka gas ɗin 'yan bumburutu mai ruwa ko gaurayen kananzir yana lalata famfo da nozul. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gas.

Akwai haɗari guda da ya kamata kowane direba ya sani. Idan turbo ya saki baƙin mai cikin hanyar iska, inji na iya kama shan man nan yana ƙara gudu da kansa, ko an zare makulli ba zai mutu ba. Mai giyar hannu ya taka birki sosai, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci. In mota mai canza giya da kanta ce, a toshe bakin iska da katako mai faɗi, kada a kuskura a sa tafin hannu ko tsumma.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kaduna