A Ba Adabin Ƙagaggun Ƙasashe Fili A Shafinku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani nau'in rubutu da har yanzu ban ga shafinku na adabi ya waiwaye shi ba.

Ɗan ƙanena, wanda yake taya ni zama a shago nan Agege, ya shafe kusan shekara biyu yana cika littattafan rubutu da tarihin wata ƙasa da babu ita a taswira. Tarayya ce ta jamhuriyoyi shida masu bin tsarin gurguzu, kowace da harshenta, a cikin wata duniya da ya ƙaga da kansa. Da ya ba ni na karanta, sai na tarar abin da ya fi ba wa ƙarfi shi ne adabin ƙasar, wato wa yake riƙe da maɗaba'a, wace waƙa ake koya wa yara a makaranta, wane marubuci aka ba gida da albashi, wane ne kuma aka hana shi takarda. Wasu dattawan unguwarmu suna ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa ina ganin aikin hankali ne, domin duk wanda ya zauna tsara adabin wata ƙasa dole ya amsa tambayar da ta shafe mu duka: idan hukuma ce take ciyar da marubuci, wa yake da ikon alƙalaminsa?

Yaron ya ɗora ginin nasa a kan Tarayyar Sobiyet, wadda aka kafa a 1922 ta kuma rushe a 1991. Ya karanta yadda aka yi babban taron farko na Ƙungiyar Marubutan Sobiyet a Mosko a 1934, marubuci Maksim Gorki yana kan gaba, inda aka tsayar cewa aikin marubuci shi ne ya nuna rayuwa tana tafiya zuwa ga gurguzu. Wanda yake cikin ƙungiyar yana samun a buga masa littafi, wanda aka kora kuwa ƙofar maɗaba'a ta rufe masa ke nan. Ya san an matsa wa marubuci Boris Pasternak har ya ƙi karɓar kyautar Nobel a 1958, an kuma fitar da marubuci Aleksandr Solzhenitsyn daga ƙasar a 1974, ya san kuma mutane sun riƙa kwafar haramtattun rubuce-rubuce da keken rubutu suna miƙa wa juna a ɓoye. Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin gwamnatin Sobiyet ɗin dai ita ce ta yi yaƙi da jahilci ba ji ba gani, ta samar wa harsuna da dama haruffan rubutu, ko da yake daga baya, a ƙarshen shekarun 1930, ta mayar da yawancinsu kan haruffan Rashanci.

Inda na ja kunnensa shi ne marubutan ƙasar tasa duk sun yi kama da mutanen Rasha, ga ƙanƙara ga manyan masana'antu, alhali a gida muna da abin gini isasshe. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai wadda ta haifar da littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa a boko, kuma hukumar ce ta zaɓi irin labarin da take so da haruffan da za a buga shi, aka bar ajami a hannun malamai. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa ce ta kai maganar sawaba ga talakan da bai iya karatun boko ba, ta alƙalamin irin su Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, a lokacin da ake ɗaure magoya bayanta. Na tambaye shi, a ranar da juyin juya hali ya kawar da sarauta a ƙasar tasa, ina makaɗan fada suka nufa da kotsonsu da taushinsu? Mawaƙin da ya gaji wasa sarki tun kaka da kakanni zai koma wasa sakataren jam'iyya ne da kirari iri ɗaya, ko zai ajiye kiɗan ya koma gona? Kwana uku ya yi yana juya wannan tambaya, sannan ya rubuta babi a kan wani tsohon makaɗi da aka umarta ya yi wa kamfanin taki waƙa, kuma a ganina shi ne babi mafi kyau a cikin aikin.

Batun harshe ma Bahaushen Legas ya fi kowa saninsa. Da Yarbanci muke ciniki a kasuwar Mile 12, da Turancin buroka muke magana a cikin mota, da Hausa muke kwana a gida, kuma mun ga muhawarar da ta tashi a 2007 lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira. Wanda yake rayuwa haka ya san abin da zai faru a tarayya mai harsuna shida ranar da za a zaɓi harshen taken ƙasa.

Roƙona, ya Edita, shi ne ku keɓe rabin shafi ko da sau ɗaya a wata domin irin wannan rubutu, ku nemi matasa su aiko da waƙa ko tarihin wani marubuci na ƙasar da suka ƙaga, manazartanku kuma su auna shi da ma'aunin da suke auna sauran littattafai. Idan kun amince, zan sa yaron ya gyara babin tsohon makaɗin ya aiko muku.

Naka,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.