Masu tara kuɗin taimako ta waya su riƙa dawowa suna ba mu lissafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah shi ƙara maku basira. Don Allah ina son a ba ni fili cikin shirin wasiƙun masu saurare in yi magana kan wanga abu da ya zama ruwan dare a Sakkwato, wato tara kuɗin taimako ta Facebook da WhatsApp da TikTok, wanda yanzu da wuya gari shi waye ka buɗe waya ba ka ci karo da hoton mara lafiya da lambar akawun a ƙasa ba.

Tun farko kada wani ya ɗauka sukar abin ni ke yi. Wallahi abu ne mai kyau, kuma ya ceci rayuka. Dukanmu mun san yadda abin yake da, mutum shi tashi bayan sallame sallar magariba da takardar asibiti a hannu, muryarshi na rawa, a tara mashi abin da bai kai kuɗin allura ba, gobe kuma shi nufi wani masallaci. Tun lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 da tsabar naira ta yi wuya, kowa ya koyi tiransifa, mai shayi da ɗan kabu-kabu da mai sayar da fura duk suna da Opay ko Moniepoint ko PalmPay, to sai ya zama mai ɗari biyu da mai dubu hamsin duk za su iya sa hannu daga inda suke zaune, har 'yan uwanmu da ke Legas da Saudiyya. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, ai mun ga yadda mutanen garin ga sunka yi ta turawa, mutanen da ba su taɓa taka Borno ba. Wanga alheri ne babba, shi ya sa ma ni ke jin tsoron kada mu ɓata shi da hannunmu.

Inda matsalar take, yadda mu ke tara kuɗin babu mai ganin abin da ya shigo sai mai akawun shi kaɗai. Irin shafukan da ake amfani da su a Amurka da Ingila kamar GoFundMe, kowa na ganin adadin da ake nema da adadin da anka samu a rubuce, in an cika kowa ya gani. To wanda ke zaune Najeriya ba ya iya buɗe GoFundMe da akawun ɗin bankinmu na nan, don haka mu namu tsarin hoto ne da lambar akawun da "don Allah a taimaka a yi sheyarin". Alat na shiga wayar mutum guda. Ko miliyan ɗaya ta shigo ko biyar, abin da ya faɗa mana shi munka sani, in ma ya faɗa ɗin kenan, don mafi yawa ba su dawowa su ce komai.

Ni sana'ata POS ce, shagona na kan hanyar da masu jinya ke yawan bi, saboda haka abin ga ina ganinshi da idona. Akwai wata baiwar Allah da ta zo cire kuɗi, ɗiyarta ce ba lafiya, ita ba ta da akawun ba ta kuma iya karatun boko ba, wani matashi na unguwarsu ya ɗauki bidiyon yarinyar ya ɗora da lambarshi. Bidiyon ya zagaya sosai, ni kaina ya zo mani a guruf fiye da ɗaya. Ya kawo mata kuɗi kuma an yi maganin, Alhamdulillahi. Amma da na tambaye ta nawa anka tara gaba ɗaya, sai ta ce "ɗana, abin da ya ba ni shi na sani." Ban ce yaron ga ya ci ko kwabo ba, Allah shi tsare ni da zato, wataƙila ma ya ƙara da nashi. Sai dai ni da na tura da ita da anka tara da sunanta duk ba mu da hanyar sani, shi kuma ba shi da abin da zai kare kanshi da shi ranar da wani ya tashi yi mashi ƙazafi. Ko don kare mutuncin masu gaskiyar ma ya kamata a riƙa fitar da lissafi.

Ga kuma tsohon fostin da ba ya mutuwa. Mara lafiya ya warke ya koma gida, ko kuma Allah ya yi mashi rasuwa an yi sadakar bakwai har an manta, amma hotonshi na nan na yawo daga guruf zuwa guruf tunda babu kwanan wata a jiki, babu wanda ya fito ya ce an rufe. Nan ne ɓata gari ke samun ƙofa, su ɗauki hoton su goge lambar asali su sa tasu, su sake sakinshi. Mutanenmu kuma akwai tausayi da gaggawa, da yawa ba su ko tsayawa su karanta sunan da ya fito kafin su danna. An ce sunan yarinya kaza daga Wamakko, sunan da ya fito a akawun wani ne daban, amma haka nan a tura. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, yau in anka cuci mutum sau ɗaya gobe ko ya ga na gaskiya sai shi wuce, wanda zai kwana a ciki shi ne talakan da ke kwance asibiti da gaske.

Abin da ni ke roƙo bai da wuya. Duk wanda zai tara ma wani kuɗi shi buɗe akawun da babu komai cikinshi, kada shi haɗa da wanda yake cefane da sayen data da shi, in so samu ne da sunan mara lafiyar ko na uwa ko uba. Shi rubuta kwanan wata, da adadin da likita ya ce, da sunan wani sanannen mutum da ya shaida, limamin unguwa ko mai unguwa ko wata malamar islamiyya da aka sani. In an gama shi fito da sitatimen, duk manhajojin nan suna fitar da shi cikin minti kaɗan, shi rufe sunayen waɗanda sunka bayar shi nuna jimla, shi ɗora risitin asibiti da na magani, sannan shi ce jama'a an rufe kada a ƙara turawa. Mu da muka taso muna jin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, bai kamata mu riƙa jin haushi don an ce a rubuta kuɗin amana ba. Wasu da ka ce ina lissafi sai su ce kana zarginsu, ko kana hana alheri, har mabiyansu su yi maka ca a kwament. A'a, haƙƙin wanda ya bayar ne ya sani.

Sai maganar rarar kuɗi, wadda ni a ganina malamanmu ya kamata su zauna su yi mana bayani filla-filla. An nemi miliyan biyu an samu uku, ko mara lafiya ya rasu kafin a yi aikin, to saura na wa ne? Na magada ne, ko a ba wani mara lafiya, ko a koma ga waɗanda sunka bayar a nemi izininsu? Shi kuma wanda ya yi ɗawainiyar zirga-zirga, ya halatta ya cire na mai da na data, kuma nawa? Yanzu kowa abin da ranshi ya ba shi yake yi. Da a ce tun a fostin na farko ana rubuta inda rara za ta je, da an huta.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ba kowace cuta ce sai an tara mata kuɗin aiki ba. Nan cikin garin Sakkwato muna da asibitin Noma tun 1999, inda ake yi ma yara aikin cutar nan mai cin baki da fuska, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki tare da su tun 2014, kuma kyauta ake yi. To in ka ga hoton yaro mai wagga cuta ana neman kuɗin tiyata, taimakon da ya fi shi ne a nuna ma iyayen hanyar asibitin, a ba su na mota da na abinci. Haka nan muna da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda taimakon marasa lafiya na cikin aikinta. Masu shafukan taimako su fara ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi mana kafin a kai fuskar mutum intanet.

Wagga magana ta fuska kuwa ita ta fi ci mani rai. Za ka ga an ɗauki mace kwance a gadon asibiti, ba ta cikin hayyacinta, zane ya zame, an kafa mata kyamara. Ko lokacin azumi a jera zawarawa da marayu kowa riƙe da ledar shinkafa, a ce su ɗaga sama su yi godiya, a ɗora waƙa a kai. Yarinyar da anka ɗauka tana shekara goma, wata rana za ta girma ta isa aure, bidiyon nan na nan cikin wayoyin mutane, wa ya tambaye ta? Mutum na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba zai iya ce ma mai kuɗi kada ka ɗauke ni ba, shirun da ya yi ba yarda ba ce. Allah ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, a aya ta 264 ta Baƙara, a ta 271 kuma ya ce bayyana sadaka abu ne mai kyau amma ɓoye ta a kai ma matalauta ya fi. Na san abin da masu yi za su ce, in ba a ga ciwon ba mutane ba su bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ana iya rufe fuska, ana iya nuna takardar likita, ana iya sa likitan ko limamin shi yi magana a madadinsu. Kuma mutumin da jama'a sunka saba ganin lissafinshi tsaf, ko rubutu kawai ya yi za a tura mashi, ba sai ya nuna tsiraicin kowa ba.

Kuɗin fansa ba ni son in tsawaita kansu don ciwon ya yi yawa, Allah shi kawo mana ƙarshen abin ga. Abin da kawai zan ce, ɓarayin dajin nan su ma suna da waya, kuma suna da masu kai masu labari, in sunka ga ana shelar tara kuɗi a Facebook ƙara farashi za su yi. Irin wanga a yi shi cikin dangi da sirri.

Sannan mu tuna da waɗanda ba su da mai ɗora su. 'Yan uwanmu da sunka baro ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, suna kwana kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba nan cikin gari, ba su da babbar waya, ba su san wani mai mabiya dubu ɗari ba. Taimakon intanet na bin wanda labarinshi ya fi taɓa zuciya a bidiyo ne, su kuma waɗannan ana wuce su kullum a bakin titi. Duk shafin da jama'a sunka yarda da shi ya kamata shi ware wani abu dominsu ko da babu hoto.

Malam Edita, ku ma kuna da rawar takawa, don ku ma ana kawo maku irin wanga cigiyar taimako kuna karantawa, kuma mutanen ƙauye sun fi yarda da abin da sunka ji a rediyo bisa ga na waya. Ina roƙon kada ku karanta lambar akawun sai wakilinku ya je ya ga mara lafiyar, ya kuma tabbatar sunan da ke akawun na wanda anka ce ne. Duk wanda kunka ba fili ya nemi taimako ku sa mashi sharaɗin dawowa bayan wata ɗaya ya faɗi abin da anka samu da yadda anka kashe shi. In kuma da hali ku haɗa mana shiri guda, ku gayyato malami da likita da wani daga cikin matasan da ke wanga aiki tsakani da Allah, don suna nan da yawa, ku buɗe layin waya mu ma mu yi tambaya. In za a yi, don Allah a sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da 'yan kasuwa sunka koma gida.

Na gode, Allah shi bar zumunci.

Mai sauraronku,
daga Mabera, Sakkwato