Ina so in koma jami'ar Yamai, matar kawuna ta ce saurayi zan bi

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah idan za a karanta wasiƙar nan a rediyo kar a faɗi sunana ko unguwarmu.

Shekaranjiya matar kawuna ta buɗe jakata ba da sanina ba, ta zaro takardar neman canjin jami'a da na rubuta. Ita ko faransanci ba ta ji, ɗanta na koleji ta sa ya karanta mata, sai ta kai wa kawu yana tsakiyar cin tuwon dare ta ce, "Ga abin da nake faɗa maka, namiji za ta bi Yamai." A gaban yara fa, Hajiya. Har yau kawu bai amsa gaisuwata ba.

Ni ƴar Tasawa ce, na ci bak D, jarrabawar gama sakandare, a 2023. Tun ina lakkol burina in karanta shari'a in zama lauya, kowa a gidanmu ya sani. Kawu ne ya ce ɗiya mace ba ta nisa, in zo Maradi wurinsa, shi ya zaɓa mini fannin noma, shi ya kai dosiyena da hannunsa. Ban raina noma ba, da gero da wake aka rene mu. Amma zuciyata ba ta wurin. Ina zaune a aji ana bayanin ƙasa da taki, ni hankalina yana wani wuri, kuma duk da haka na haye shekarar farko. Da a ce wasa nake yi ai da ban haye ba.

Kuma a wane hali na haye? Da asuba ni ce shara, ni ce wanke-wanke, ni ce dama kunun yara, sai na kai su lakkol kafin in nemi kabu-kabu. Darasin ƙarfe takwas kullum a bakin ƙofa nake tsayawa don kujeru sun cika. Ranar wata jarrabawa matar kawu ta aike ni babbar kasuwa sayen kayan miya, wai baƙi za ta yi, baƙin da har dare ba su zo ba. Ɗan bursu da ake ba mu idan ya fito, tun kafin in ƙirga ta riga ta san ya fito, yau rancen jika biyar, gobe jika uku, ba ta taɓa maido ko dala ba. Ƴaƴanta mata kuwa suna kwance da waya. Mutane suna ganinta da carbi suna cewa mutuniyar kirki ce.

Na je ofishin rajista na tambaya. Sun ce tun da fannin ba ɗaya ba ne, kiredi 60 da na samu a shekarar farko ba za su bi ni ba, sai in faro lisans daga tushe, shekara 3 cur. Na yarda. Abin da ban gane ba shi ne maganar bursu, wani ya ce in na canza fanni zan iya rasa shi, wani ya ce a'a, sai na je ANAB, hukumar da ke ba da bursu, da kaina. Mahaifiyata ƙuli-ƙuli take yi, ba ta da abin biya mini ɗaki a Yamai.

Na manta ban faɗa ba, mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, shi ya sa maganar kawu ce magana.

Yanzu abin da suka riƙe shi ne wai jami'ar Tawa ma tana da fannin shari'a kuma ta fi kusa, mi ya sa sai jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tafiyar kilomita sama da 600? To Yamai ce babban birni, can manyan kotuna suke, can lauyoyi suka fi yawa, wurin neman sitaj ya fi sauƙi. Kuma ina da ƙawa a can. Gaskiya ne akwai wani ɗan garinmu da ke karatu a Yamai, muna gaisawa a WhatsApp, ya ce in ya gama zai turo manyansa. Amma tun kafin in san shi nake son shari'a. Matar kawu ce ta haɗa maganar biyu don ta ɓata ni, don in na tafi wa zai yi mata aikin gida?

Jiya ta kira mahaifiyata, ban san abin da ta faɗa mata ba, sai Inna ta kira ni tana kuka wai in rufa mata asiri in zauna, kawu ya ce in na tafi ba ruwansa da mu. Shi ke biyan kuɗin lakkol na ƙannena biyu.

Hajiya, in na tura dosiyen ba tare da yardar kawu ba, na saɓa wa Allah? Ko in sa yaron ya turo manyansa yanzu don bakin matar nan ya mutu? Kuma wa zan samu ya yi wa kawu magana, tun da duk dangi tsoron matarsa suke ji?

Ɗiyarki, daga Maradi.