Wasiƙa ga ɗana kan Jaguar ɗin nan biyu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ya sanyin Ingila? Na ga hotunan motocin Jaguar E-Type biyun da ka turo, mai inji lita 3.8 ta 1961 da mai lita 4.2 ta 1965. Tun da ka nemi shawarata, ni ta biyun nake so ka ɗauka.

Na san abin da ke fizgar ka ga ta farkon. Ta shekarar da aka fara nuna motar ce a Janiba, kuma masu tara tsofaffin motoci sun fi zuba kuɗi a kan irinta, musamman na fitowar farko masu shimfiɗaɗɗen daɓe. To amma wannan daɓen shi ne zai hana dogon mutum kamarka sakewa da ƙafa, shi ya sa ma kamfanin bai daɗe ba ya zurfafa wurin. Ga kuma giyar kamfanin Moss da ke cikinta. Tana da ƙarko, sai dai nawa gare ta, kuma in motar na tafiya ba za ka koma lamba ɗaya salin-alin ba sai ka taka kulochi sau biyu, in ka yi gaggawa ka ji ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A ƙarshen 1964 da aka fito da 4.2 aka sauya giyar, aka inganta birki da kujeru, aka sa altaneta a madadin dainamo. Ƙarfin doki 265 kamfanin ya rubuta wa kowacce, amma 4.2 ta fi ja tun daga ƙasa. A ido kuwa kusan ɗaya suke, har gilashin da ya rufe fitilun gaba. Kai tuƙawa za ka yi, ba kullewa a gareji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsatsa, domin jikin motar nan shi ne ƙashinta. Kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Ka sa a ɗaga ta, ka shiga ƙarƙashi da tocila, ka ɗaga kafet ka dubi daɓen, ka bi dokin ƙofa da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ciko ne aka yi aka shafe da fenti. Sannan ka nemi takardar shaida ta Jaguar Heritage, masu adana tarihin motocin Jaguar, ka gwada lambar inji da ta bodi da abin da aka rubuta ranar da ta fito daga masana'anta a Coventry. Da yawansu Amurka aka kai su da sitiyari a hagu, daga baya aka juya shi, kuma hakan na rage mata daraja. In 4.2 ɗin ta faɗi wannan gwajin, ka haƙura da duka biyun ka jira wata.

Ina roƙon ka kada ka ci bashi saboda ita, kuma ka zauna da mai ɗakinka ku yi maganar kuɗin kafin ka biya ko kobo. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka